Ƙugin da Ya Hana Baba Jin Labaran Dare: Nazarin Wani Gida da Aka Ɗora wa Sola Laifi

Ƙorafi biyu aka kawo mini daga gida ɗaya a cikin birnin Kano, kuma mutanen gidan ba su taɓa zaton akwai abin da ya haɗa su ba. Maigidan, dattijo ne da ya haura shekara saba'in, ya ce tun da 'ya'yansa suka haɗa masa wutar sola rediyonsa ya daina kama tashoshin waje da dare. Da ya murɗa zuwa gajeren zango sai wani ƙugi mai kaushi ya danne muryar mai karanta labarai. Jikarsa kuma, budurwa 'yar sakandare, ta ce akwai wata siririyar ƙara kamar kukan sauro da ke hana ta barci a ɗakinsu, amma duk wanda ta kira daga cikin manya sai ya kasa kunne ya ce shi bai ji komai ba. Har an fara yi mata faɗa cewa yawan sa abin kunne ne ya taɓa mata ji.

Hukuncin da gidan ya riga ya yanke shi ne inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, ita ce ba ta da kyau. An kira wanda ya haɗa solar, ya zo ya gwada, ya ce aikinsa lafiya lau. An sayo wa Baba sabon rediyo, ƙugin bai fasa ba. Lokacin da maganar ta iso gare ni, babban ɗansa har ya fara tambayar farashin wata inbatar, kuɗin da ya kusa na duk sauran kayan wutar gidan.

Ga mai irin shekarun Baba wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri tun 1957, na Jamus ya biyo baya a 1963, kuma akwai dattawa da yawa da tsarin yininsu yake ɗaure da waɗannan shirye-shirye kamar yadda yake ɗaure da lokutan abinci. An ce masa ai ana samun shirin a FM da kuma waya. Amsarsa ita ce shi da hannunsa yake son ya nemo tasharsa a mita 16 ko 19 ko 25, kuma ina ganin yana da gaskiya. Rediyon da ke aiki da batir biyu ya jawo murya daga wata nahiya ba tare da data ba, ba abin da za a yar ba ne don kawai wani abu a gidan yana damun sa.

Tambayoyi kafin taɓa waya

Na fara da zama da shi a zaure. Na ce, "Baba, ƙugin nan kullum ne, ko yana da lokaci?"

Ya ce, "Da safe da sauƙi, ɗana. Shirin safe ina ji, ko da yake ba tar ba. Amma daga an yi magariba shi ke nan."

Wannan amsa kaɗai ta fitar da abu ɗaya daga zargi. Na'urar da ke tsakanin faifan sola da batir, wadda ke daidaita caji, tana iya jefa ƙara a rediyo, amma da rana take aiki. Da dare ba ta da abin yi. Ita kuwa inbata dare da rana a kunne take a gidan, to me zai sa ta yi shiru da safe ta tashi da magariba?

Sai na tambaye shi ko kafin zuwan sola ya taɓa jin irin wannan ƙugi. Ya yi jim, sannan ya ce e, wani lokaci, idan an kawo NEPA da dare. Ya ɗauka halin wutar ne, kuma da yake ba ta daɗewa bai taɓa sa abin a ransa ba. A nan bakin zaren yake. Shekara da shekaru yana jin rediyonsa a cikin gidan da babu wuta da dare, duk kayan lantarki a mace. Sola ta zo ta raya su kowane dare. Masu ƙugin sun daɗe a gidan, wuta ce kawai ba su samu ba.

Abin da ke cikin caja

Sai an san yadda caja ta zamani ke aiki kafin sauran labarin ya zauna. Wanda ya girma da adaftar rediyo ta da, mai nauyi a hannu, ya san taransifoma ce a cikinta, ƙarfe da naɗin wayar tagulla. Tana karɓar wutar gida mai bolt 230 da ke juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta rage ta kai tsaye. Idan ta tsufa takan yi gurnani mai kauri, domin ƙarfen yana motsi kaɗan sau 100 a daƙiƙa, amma rediyo ba ruwansa da ita.

Cajar waya, adaftar dikoda, ta laftof, allon wutar talabijin da yawancin fitilun LED masu ƙarfi sun bi wata hanya dabam. Suna fara miƙar da wutar ta zama mai tafiya gefe guda, su tara ta a kafasita, wato wani ɗan ma'ajin wuta, inda take kai kusan bolt 325. Daga nan wani taransista, wato ɗan makunnin da ba a taɓawa da hannu, ya riƙa kunna ta yana kashewa da gudu, sau 65,000 ko 100,000 ko fiye a daƙiƙa ɗaya. Saboda wannan gudun, 'yar taransifomar da ba ta fi kan yatsa ba ta isa yin aikin da sai mai nauyin rabin kilo take yi a da. Dabara ce mai kyau ƙwarai. Ita ta sa caja ta shiga aljihu, ta rage ɓarnar wuta, kuma ita ta sa za ka ga an rubuta 100 zuwa 240 a jikin caja, wato tana jure wutar da ta yi ƙasa, abin da mu nan muka fi kowa cin moriyarsa.

Kuɗin da ake biya shi ne ƙara. Duk lokacin da aka yanke wuta mai ƙarfi farat ɗaya, ba a mitar kunnawar kaɗai take tsayawa ba. Tana haifar da ninki biyu, ninki uku, ninki ɗari, a jere har cikin matsakaicin zango, wanda yake daga kilohaz 531 zuwa 1602, da gajeren zango, daga megahaz 3 zuwa 30 (kilohaz juyi dubu ne a daƙiƙa, megahaz juyi miliyan). Shi ya sa idan kana murɗa rediyo za ka ji ƙugin ya tashi, ya lafa, ya sake tashi a tazara kusan iri ɗaya. Kaushinsa kuma daga wutar gida yake, domin kafasitar nan tana cika tana raguwa sau 100 a daƙiƙa, ƙarar tana hawa da sauka tare da ita. Tashoshin waɗannan zangunan suna ɗora murya ne a kan ƙarfin sigina, don haka duk abin da ya ƙaru a kan ƙarfin, rediyo zai karanta shi a matsayin sauti. FM tana ɗora murya a kan sauyin mita, kuma Edwin Armstrong ya ƙirƙiro ta a shekarun 1930 musamman don guje wa irin wannan hayaniya. Dalilin da ya sa matan gidan ke jin tashoshin FM ras a kicin alhali Baba yana fama a zaure ke nan.

Masu ƙera kaya na ƙwarai sun san da wannan, kuma dokokin ƙasashe da dama sun tilasta musu auna ƙarar da kayansu ke mayarwa cikin layin wuta, daga kilohaz 150 zuwa megahaz 30. Maganin shi ne matatar ƙara, wato filta, a bakin shigar wuta: wani naɗin waya biyu a kan zoben ferait, wani baƙin abu mai kama da dutsen maganaɗisu, da kafasita ta musamman tsakanin layukan biyu, da wata ƙarama tsakanin ɓangaren babbar wuta da na ƙarama. Idan an cire su cajar za ta ci gaba da caji kamar ba abin da ya faru. Mai saye ba zai gane ba, sai mai rediyo.

Farautar

Kayan aikina a daren su ne rediyon Baba da batir, ba wani abu ba. Bayan sallar magariba muka kunna shi a mita 25, ƙugi ya cika zauren. Na sa aka kashe inbata gaba ɗaya, gidan ya yi duhu. Nan take murya ta fito, da ɗan shuu a bayanta wanda zan dawo kansa. Wannan ya tabbatar da cewa mafi yawan matsalar a cikin gidan take.

Sannan muka zare duk wani filogi da ke gidan, muka kashe duk makunnan fitilu, muka kunna inbata ita kaɗai. Idan na kai rediyon jikinta yana ɗan ƙara, wanda ba abin mamaki ba ne tunda ita ma kunna-kashe take yi a ciki, amma daga taku uku ba a jin komai, balle daga zaure. Babban ɗan ya tsaya yana kallon ta, ya ce, "To ashe ba ita ba ce." Akwai inbata masu arha da wutarsu ba ta fita sumul, waɗanda ke sa fanka gurnani su cika rediyo da ƙara, amma ta gidan nan ba irinsu ba ce.

Sai muka shiga mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya, yaro yana kunnawa, ni da Baba muna saurare. Firiji, shiru. Fankoki, shiru. Ƙwayayen fitilar ɗakuna ma ba su ce komai ba. Da aka kunna babbar fitilar tsakar gida, mai wat 50, wadda ake kunnawa da magariba a kashe bayan asuba, sai wani shuu mai kauri ya rufe rabin muryar. Muka kashe ta, muka ci gaba. Talabijin shi kaɗai bai yi laifi ba. Da aka soka adaftar dikoda kuwa, Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Shi ne wannan. Wannan ne mai ƙugin."

Don in tabbatar, na mayar da rediyon matsakaicin zango, na ajiye shi inda babu tasha, na riƙa bin bango da shi. A wannan zangon eriyar da ke aiki sandar ferait ce da ke kwance a cikin rediyon, tana da gefen da ta fi ji, saboda haka tana nuna hanya. Abin da ya fito fili shi ne ƙarar ba a wurin adaftar kaɗai take ba. Tana bin wayar wutar da ke cikin bango har zaure, tana kuma bin wayar dish har saman rufi. 'Yar adaftar da ba ta cika tafin hannu ba ta mayar da wayoyin gidan duka eriyarta. Da na zare wayar dish daga bayan dikodar ƙugin ya ragu sosai, da na mayar ya dawo.

Wannan ya bayyana sauƙin da ake samu da safe. Fitilar tsakar gida a kashe take, dikoda kuma tana barci, ba ta jan wuta sosai, to adaftar ba ta ihu da ƙarfi.

Uwargidan ce ta ba da tarihin adaftar. Ta asali ta ƙone wata rana da aka kawo wuta da ƙarfi, aka aiki yaro kasuwa ya sayo mai bolt 12 da bakinta ya shiga. Ta ƙara da wata magana da ta fi damuna fiye da ƙugin: idan tana share bayan talabijin ta taɓa ƙarfen bakin wayar dish, yana ɗan jan ta.

Da na buɗe ta

A shago na fasa adaftar. Ina roƙon mai karatu kada ya gwada wannan a gida, domin babbar kafasitar tana iya riƙe wuta mai bolt sama da 300 bayan an zare filogi.

Allon da ke ciki an zana shi da wurin matatar ƙara. Ga hoton inda naɗin ferait zai zauna, ga ramukansa huɗu, amma gajerun wayoyi biyu aka sa aka tsallake shi. Ramukan kafasitar da ke tsakanin layuka biyu a buɗe suke, ba a taɓa sa musu dalma ba. Wato wanda ya zana allon ya san aikinsa, wani ne daga baya ya zauna ya lissafa abin da za a cire a samu riba. Babbar kafasitar kuma kanta ya kumbura. Irin waɗannan kafasitoci masu ruwa a ciki zafi ne ajalinsu, kuma ƙa'idar da masu ƙera su ke bayarwa ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu. A garin da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, a bayan talabijin inda iska ba ta shiga, ba sai an yi dogon lissafi ba. Idan ta raunana, hawa da saukar nan ta sau 100 a daƙiƙa tana ƙaruwa, ƙugin ya ƙara kaushi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tazarar da ke tsakanin layin babbar wuta da na bolt 12 a jikin allon. A adafta ta ƙwarai akan bar fili na milimita da dama, wani lokaci har a tsaga allon a tsakani. A wannan, da ƙyar tsinin biro zai shiga. Ƙura da laimar damina sun isa su haɗa su. Ko adafta ta ƙwarai takan ba da ɗan tsikari idan aka taɓa ƙarfe, saboda ƙaramar kafasitar da ke haɗa ɓangarorin biyu, amma a can kafasita ce da aka ƙera ta yadda ko ta lalace ba za ta buɗe wa babbar wuta hanya ba. A nan ta gama-gari aka sa a gurbinta.

Hannun da ya cire matatar ƙarar shi ne ya rage wannan tazara, kuma ba a gidan nan kaɗai ba. A 2012 wani injiniya a Amurka, Ken Shirriff, ya gwada cajoji goma sha biyu, na asali da na jabu, ya nuna yadda wutar da na jabun ke fitarwa take cike da hayaniya. Irin wannan wutar ce ke sa fuskar waya ta riƙa danna kanta idan tana caji. A 2016 kamfanin gwajin kaya na UL ya gwada cajojin jabu 400 da aka yi wa tambarin Apple, uku kacal suka tsallake gwajin kariya daga jan wuta. Shi ya sa ba na ɗaukar ƙugin rediyo a matsayin damuwar tsofaffi kawai. Sau da yawa shi ne alama ɗaya tilo da za ka samu daga waje cewa an yi ha'inci a ciki.

Fitilar tsakar gidan ba ta buɗuwa, an cike cikinta da ƙaro, don haka sauya ta kawai aka yi. Matsalarta sananniya ce har a wuraren da ba a wasa da rediyo. A watan Agustan 2018 hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka ta fitar da gargaɗi cewa wasu fitilun LED da ake sawa a jiragen ruwa suna toshe rediyon da matuƙa ke magana da shi.

Ƙarar ɗakin yarinyar

Wannan ba ta ɗauki lokaci ba, kuma ƙarshenta ya sha bamban. Cajar wayarta ce, ta asali wadda ta zo a kwali, tana soke a soket kusa da filonta. Idan waya tana caji shiru take. Idan batir ya cika ko an zare wayar sai ta fara.

Dalilin yana da alaƙa da doka. Tarayyar Turai da Amurka sun daɗe suna matsa wa masu ƙera caja su rage wutar da take sha idan ba ta aikin komai. Amurka ta sauko da iyakar zuwa wat 0.1 ga ƙananan cajoji a 2016, Turai ta bi sahu a 2020. Hanyar cimma wannan ita ce cajar ta daina kunna-kashe a jere idan ba a jan wuta, ta riƙa yi a guntu-guntu tana hutawa. Gudun asali ya fi ƙarfin kunnen mutum, wanda iyakarsa kusan haz 20,000 ce, amma waɗannan guntayen suna iya faɗowa cikin abin da kunne ke ji. Naɗin 'yar taransifomar da wasu kafasitocin tangaran suna rawa da su, sai sauti ya fito. Manya ba su ji ba domin jin siririn sauti shi ke fara tafiya idan shekaru suka ja. Kunnen yarinyar lafiyarsa ƙalau, ya ma fi na masu yi mata faɗa.

Na kai rediyo jikin wannan caja, da ƙyar ya nuna ya san da ita. Mai ƙarar da kunne ke ji ba ta da haɗari, mai haɗarin kuwa kunne ba ya jin ta ko kaɗan sai ta bakin rediyo. Na ce ta riƙa zare ta idan ta gama caji, ko ta mayar da ita soket ɗin da ke nesa da gado. Da ƙarar tana tsatsatsa ce, ko tana zuwa da zafi ko warin ƙuna, ko kuma sabuwa ce a cajar da a da ba ta yi, da sai in ce a jefar da ita a ranar.

Abin da aka yi, da abin da ya rage

An sayo adafta mai bolt 12 daga wurin dillalin dikodar. Wajen fitila kuwa na ba babban ɗan shawarar ya tafi shago da rediyon Baba a aljihu, ya sa a kunna masa kowace fitila, ya kai rediyon kusa da wayarta a matsakaicin zango. Ya ce mai shagon ya yi ta kallonsa, amma a cikin waɗanda aka gwada an samu masu shiru, kuma bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba. Tambarin CE da ke jikin kaya, mai nuna sun cika ƙa'idojin Turai, ba ya wadatarwa, tunda mai jabu ma yana iya buga shi. Na kuma naɗa wayar adaftar sau uku a cikin zoben ferait, irin dunƙulen nan da ake gani a wayar cajar laftof. Duk abin da aka kashe bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin inbatar da aka so saya ba.

Saura shuu ɗin da muka ji tun gidan yana duhu. Na bi shi da rediyo har waje, ya kai ni bangon da gidan ya haɗa da wani shagon cajin waya, inda cajoji masu yawa ke soke a kan allo ɗaya, janareta na ba su wuta har wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Wannan ba abin da za a ce wa mutum ya rufe ba ne, sana'arsa ce, kuma Baba da kansa ya ce kada a tayar da maganar da maƙwabci. Abin da muka yi shi ne ɗaura waya mai tsawon kamar mita goma daga bishiyar darbejiyar da ke ƙarshen tsakar gida, can nesa da bangon shagon da kuma wayoyin wuta, muka kawo ta muka maƙala a eriyar rediyon, da sharaɗin a cire ta idan hadari ya taso. Ya kuma matsar da tabarmarsa daga zaure zuwa wancan gefen. A mita 16 da 19 yanzu yana ji tar. A mita 41 da 49 shuu ɗin yana nan har sai mai shagon ya kashe janareta.